Tarihin Thomas Barlow, likitan da ya gano cutar rashin bitamin C a jikin jarirai

A ƙarshen ƙarni na 19 wata cuta ta addabi jarirai a manyan biranen Turai da Amurka, har da 'ya'yan masu hannu da shuni. Likitan da ya warware sirrinta ya yi hakan ne kusan shekaru 50 kafin a san mene ne bitamin C.

A cikin shekarun 1870 da 1880 likitocin yara a birnin Landan sun yi ta cin karo da wata cuta da ta ɗaure musu kai. Akan kawo jariri ɗan wata takwas ko goma, ko wanda ya ɗan haura shekara guda, jikinsa ya ɗashe, cinyoyinsa da ƙwaurinsa sun kumbura. Idan aka bar shi kwance sai ya yi shiru, ƙafafunsa a tanƙwashe a buɗe irin na kwaɗo, ba ya ko motsa su, har a yi zaton sun shanye. Amma da zarar uwa ko mai reno ta doso gadonsa sai ya tsandara ihu tun kafin ta taɓa shi, saboda ya riga ya san azabar da ke cikin ɗauka. Wasu yaran idonsu kan firfito, fatar idon ta yi baƙi kamar an naushe su, wasu kuma su riƙa fitsari da jini. Da dama sun mutu bayan sun shafe makonni ko watanni a cikin wannan hali.

Abin da ya ƙara rikita al'amarin shi ne, da yawa daga cikin yaran ba 'ya'yan matalauta ba ne. Daga gidajen masu hali ake kawo su, inda iyaye ke kashe kuɗi wajen saya musu abincin jarirai na zamani. Mutumin da ya tabbatar da ainihin abin da ke damunsu shi ne Dokta Thomas Barlow, wanda ya zuwa yau littattafan likitanci ke kiran cutar da sunansa.

Haihuwa da tasowa

An haifi Thomas Barlow a shekara ta 1845 a ƙauyen Edgworth da ke kusa da garin Bolton a gundumar Lancashire, arewa maso yammacin Ingila. A wancan zamani yankin ne cibiyar masaƙun auduga ta duniya baki ɗaya, kuma mahaifinsa, James Barlow, na daga cikin waɗanda suka yi arziki da wannan sana'a. Ya mallaki masaƙu, ya kuma riƙe muƙamin magajin garin Bolton daga 1867 zuwa 1869.

Gidan nasu gida ne na mabiya ɗariƙar Methodist ta addinin Kirista, masu tsananin ƙyamar shan barasa da kuma ba da muhimmanci ga taimakon marasa galihu. A farkon shekarun 1870 James Barlow ya ba da fili da kuɗi aka kafa gidan marayu a Edgworth, inda aka riƙa kawo yaran da ba su da masu kula da su daga manyan birane. Wannan tarbiyya ta bi Thomas har ƙarshen rayuwarsa. Bai kasance mai shan barasa ba, kuma bayan ya manyanta ya shiga sahun jagororin masu yaƙi da shaye-shaye a Birtaniya.

Duk da cewa shi ne babban ɗa namiji, bai gaji sana'ar mahaifinsa ba. Ya shiga kwalejin Owens da ke Manchesta, wadda daga bisani ta zama jami'ar birnin, inda ya karanci kimiyyar halittu, ya kuma samu digirinsa na farko daga jami'ar Landan a shekara ta 1867. Daga nan ne ya koma kwalejin jami'a ta Landan domin koyon aikin likita, ya samu babban digiri a fannin a shekara ta 1874.

A lokacin da yake samun horo ya yi aiki a ƙarƙashin Sir William Jenner, likitan Sarauniya Biktoriya, wanda ya yi suna wajen bambance zazzaɓin taifod da wani zazzaɓi mai kama da shi da ake kira taifus. Shi dai Jenner malami ne da ya dage a kan cewa likita ya duba marar lafiya da kyau, ya rubuta duk abin da ya gani, idan kuma majiyyacin ya mutu to ya binciki gawarsa domin ya san inda ya yi daidai da inda ya yi kuskure. Wannan ita ce hanyar da Barlow ya riƙe.

A shekara ta 1874 ya kama aiki a asibitin yara na titin Great Ormond, wanda aka buɗe a 1852 da gadaje goma kacal, kuma shi ne asibitin kwantar da yara na farko a Ingila. Muƙaminsa na farko shi ne na mai kula da bayanan majiyyata, aikin da ya haɗa da binciken gawarwakin yaran da suka mutu. Shekara guda bayan haka aka ɗaga shi zuwa mataimakin likita, daga bisani ya zama cikakken likitan asibitin, inda ya ci gaba da aiki har zuwa 1899. A nan ne kuma ya haɗu da Ada Helen Dalmahoy, wata babbar ma'aikaciyar jinya, wadda ya aura a shekara ta 1880.

Cutar matuƙan jirgin ruwa

Domin fahimtar abin da Barlow ya yi, wajibi ne a waiwayi wata tsohuwar cuta da Turawa ke kira sikabi. Tun daga ƙarni na 15 ta kasance babbar abokiyar gabar masu doguwar tafiya a teku. Bayan watanni biyu ko uku ana cin busasshen biskit da nama mai gishiri, sai kasala ta kama matuƙa, dasashinsu ya kumbura yana zubar da jini, haƙora su yi ta girgiɗa, tsofaffin raunukan da suka warke su sake buɗewa. A shekara ta 1747 wani likitan sojan ruwa ɗan yankin Sikotilan, James Lind, ya gwada magunguna iri shida a kan matuƙa 12, ya ga cewa biyun da aka ba lemon zaƙi da lemon tsami ne suka farfaɗo. Ya wallafa littafinsa a 1753, amma sai a 1795 rundunar sojan ruwan Birtaniya ta fara raba ruwan lemo ga dakarunta a kai a kai.

Saboda haka a zamanin Barlow ana kallon sikabi a matsayin cutar manya: ta matuƙa, da fursunoni, da sojoji, da mutanen garin da aka yi wa ƙawanya. Ba kasafai wani ke kawo ta a ransa ba idan ya ga jariri a gidan attajiri. Ita kuwa cutar da ta zama ruwan dare a tsakanin yaran biranen Ingila ita ce ta taushin ƙashi, wadda ke sa ƙafafu su lanƙwashe, yaro ya yi gwame ko ƙafarsa ta yi baka, a sakamakon ƙarancin hasken rana a unguwannin da hayaƙin masana'antu ya turnuƙe. Lokacin da wani likitan Jamus a birnin Königsberg, Julius Möller, ya ba da bayanin jarirai masu kumburin ƙafa da tsananin ciwo a shekara ta 1859, sai ya ɗauka wani nau'i ne mai tsanani na taushin ƙashi. Wannan suna ya bi cutar fiye da shekaru 20. Wasu likitocin kuma sun ɗora laifin a kan tunjere da jariri ke gada daga iyaye.

A daidai wannan lokaci ne yadda ake ciyar da jarirai ya fara sauyawa. A shekarun 1860 madarar gwangwani mai sukari ta shigo kasuwannin Turai. Masanin kimiyyar haɗa sinadarai na Jamus, Justus von Liebig, ya fito da nasa haɗin abincin jarirai a 1865, kamfanoni kuma suka biyo baya da garin hatsi iri-iri da ake damawa da ruwa. Mata da dama a gidajen masu kuɗi sun daina shayarwa da wuri, ko ma ba su fara ba. Bugu da ƙari, bayan da Louis Pasteur na Faransa da takwarorinsa suka nuna rawar da ƙwayoyin cuta ke takawa, sai aka shiga tafasa madarar shanu na tsawon lokaci kafin a ba yaro.

Iyayen dai suna da hujjarsu. A Ingila ta wancan zamani kimanin jarirai 150 daga cikin kowane 1,000 ne ke mutuwa kafin su cika shekara guda, kuma gudawar da gurɓatacciyar madara ke haddasawa na cikin manyan dalilai. Tafasa madara ya ceci rayuka masu yawa. Abin da babu wanda ya sani shi ne, zafin da ke kashe ƙwayoyin cuta yana kuma lalata wani sinadari da jikin yaro ba zai iya rayuwa babu shi ba.

Binciken shekara ta 1883

Ba Barlow ne ya fara zargin sikabi ba. Wani abokin aikinsa a asibitin Great Ormond, wanda ya girme shi, Dokta Walter Cheadle, ya wallafa bayanin yara uku a mujallar Lancet a shekara ta 1878, inda ya ce sikabi ce ta hau kan taushin ƙashi, ya kuma yi musu magani da sauya abinci. To sai dai hujjar Cheadle ta tsaya ne a kan alamomin da ake gani daga waje, kuma likitoci da yawa ba su gamsu ba. Abin da ya rage shi ne a nuna abin da ke faruwa a cikin jiki.

A watan Maris na 1883 Barlow ya gabatar da sakamakon bincikensa a gaban ƙungiyar likitoci da masu fiɗa ta Landan. Ya tattara bayanan yara 31. Daga cikinsu 11 shi da kansa ya duba su, sauran kuma ya tsamo su ne daga rubuce-rubucen wasu likitoci, musamman na Jamus. Uku daga cikin waɗanda suka mutu an binciki gawarwakinsu, kuma a nan ne amsar ta fito.

Kowane ƙashi na jikin mutum yana da wani tantani da ke lulluɓe da shi, mai cike da jijiyoyin jini da na jin ciwo. A jikin waɗannan yara Barlow ya tarar jini ya zuba ya taru tsakanin ƙashin da tantanin, ya ɗaga shi daga jikin ƙashin, musamman a cinya da ƙwauri. Wannan tarin jini shi ne kumburin da ake gani, shi ne kuma tushen azabar da ke hana yaro motsi. Ke nan ƙafar ba shanyewa ta yi ba, ciwo ne ya sa yaron ya ƙi motsa ta. A wasu yaran ma kan ƙashin ya rabu da gangar jikinsa a daidai wurin da yake girma. Da ya koma ga tsofaffin littattafan da suka bayyana gawarwakin masu sikabi, ciki har da na Lind, sai ya ga kamannin sun zo ɗaya.

Sai dai akwai tambayar da ta daɗe tana hana likitoci amincewa. Babbar alamar sikabi a jikin manya ita ce kumburin dasashi da zubar jini, alhali jarirai da yawa bakinsu lafiya lau yake. Barlow ya lura cewa lamarin ya danganta ne ga haƙora. Jaririn da bai fara haƙori ba dasashinsa kan kasance kusan babu wata alama, wanda kuwa ya fitar da haƙora to a kewayensu ne ake ganin kumburin, kuma gwargwadon yawan haƙoran gwargwadon munin abin. Da wannan ya kawar da babbar hujjar masu musu.

Dangane da taushin ƙashi kuwa, ya nuna cewa wasu yaran suna da shi sosai, wasu kaɗan, don haka ba zai zama shi ne tushen cutar ba. Abin da ya haɗa su duka shi ne zubar jini a cikin jiki da kuma irin abincin da suke ci. Kazalika ya bi sauran cututtukan da ake zargi, irin su tunjere da cutar rashin daskarewar jini da ake gada, ya nuna dalilin da ya sa ba su dace da abin da ya gani ba.

Hujja ta ƙarshe ita ce magani. Ya kawo misalin wani yaro ɗan wata 15 da aka shayar na 'yan makonni kawai, daga nan aka yi ta sauya masa abincin kanti ɗaya bayan ɗaya, har ya kai ga ba ya iya motsa ƙafafunsa. Barlow ya ba da umarnin a ba shi sabuwar madarar shanu, da ruwan da aka matse daga nama, da ɗan ruwan lemon zaƙi a kowace rana. Cikin 'yan kwanaki ihun ya ragu, kumburin ya fara saɓewa, kuma bayan makonni yaron ya warware. Babu wata cutar ƙashi da aka sani da ke sauka cikin sauri haka saboda sauyin abinci kawai.

Dankalin talaka da gwangwanin mai kuɗi

Bayan shekaru 11, wato a 1894, Barlow ya sake komawa kan batun a wata babbar lacca da ya gabatar a kwalejin likitoci ta masarautar Birtaniya. A tsawon wannan lokaci ya ga ƙarin yara da dama, kuma abubuwa biyu sun ƙara fitowa fili. Na farko, bai ga yaron da cutar ta kama yana kan nonon uwa ba. Na biyu, ta fi yawa a gidajen masu hali.

Bayanin da ya bayar mai sauƙi ne. Talaka ba shi da kuɗin sayen abincin kanti a kai a kai, saboda haka matarsa kan shayar, kuma tun da wuri ake ɗanɗana wa yaro abin da sauran mutanen gida ke ci, musamman dankalin Turawa, wanda shi ne abincin yau da kullum na ma'aikatan Ingila. Shi kuwa ɗan mai kuɗi an tsare shi daga duk wannan, sai garin gwangwani da madarar da aka tafasa har ta gaji. Ta haka dankalin da ake rainawa ya kare 'ya'yan talakawa daga cutar da tsadadden abinci ya jawo wa 'ya'yan attajirai. Shawarar da ya bayar ita ce a haɗa wa yaro da sabuwar madara, da dankalin da aka dafa aka tace, da kuma ruwan lemo ko na inabi.

Sannu a hankali ra'ayin nasa ya samu karɓuwa a ƙetare. Likitocin Jamus ne suka fara kiran cutar da sunansa, wasu kuma suka haɗa da na Möller. A Amurka, ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar ta tattara bayanan jarirai 379 da suka kamu, ta fitar da rahoto a 1898, wanda ya nuna cewa mafi yawansu an rene su ne da abincin kanti, ko madarar gwangwani, ko madarar da aka tafasa.

Ba a nan kaɗai aikin Barlow ya tsaya ba. Ya yi bincike a kan sanƙarau a jikin jarirai tare da Samuel Gee da kuma David Lees. A 1881 shi da Francis Warner suka yi bayanin wasu ƙananan ƙulluka da ke fitowa a ƙarƙashin fatar yara masu zazzaɓin sanyin gaɓoɓi, suka nuna alaƙarsu da ciwon zuciya. Ya kuma koyar a asibitin kwalejin jami'a ta Landan daga 1880 zuwa 1910, inda ya riƙe kujerar farfesa daga 1895 zuwa 1907.

Likitan sarakuna uku

Sunan da ya yi ya kai shi fada. A shekara ta 1896 aka naɗa shi likitan gidan sarautar Birtaniya, kuma yana cikin likitocin da suka kula da Sarauniya Biktoriya a kwanakinta na ƙarshe a gidan Osborne, inda ta mutu a ranar 22 ga watan Janairun 1901. A wannan tsakani ne aka ba shi sarautar Sir irin wadda ɗa ke gada.

A watan Yunin 1902, ana saura kwana biyu a yi bikin naɗin Sarki Edward na Bakwai, ciwon ciki mai tsanani ya tilasta aka yi wa sarkin tiyata. Frederick Treves ne ya yi aikin, Barlow kuwa na cikin likitocin da suka tsaya a kansa suka riƙa sa hannu a sanarwar da ake fitarwa game da lafiyarsa. Dole aka ɗage bikin zuwa watan Agusta. Daga baya ya ci gaba da zama likitan Sarki George na Biyar.

A 1910 aka zaɓe shi shugaban kwalejin likitoci ta masarauta, sannan a 1913 ya shugabanci babban taron likitoci na duniya karo na 17, wanda ya tara dubban mahalarta a Landan. To amma wannan ɗaukaka ba ta hana shi ɗanɗana baƙin ciki ba. Ɗaya daga cikin 'ya'yansa mata ta mutu tana jaririya, ɗansa Patrick ya mutu a 1917 yana aikin soja a yaƙin duniya na ɗaya, matarsa kuma ta riga shi a 1928. Babban ɗansa, Alan, wanda ya zama babban jami'in gwamnati, ya auri Nora, jikar masanin halittu Charles Darwin.

Kimiyya ta cim masa

Barlow ya san abincin da ke kawo cutar da wanda ke warkar da ita, amma bai san mene ne a cikin lemon ba. Tsawon ran da ya yi ya sa ya ga amsar da idonsa. A 1907 wasu masana biyu a ƙasar Norwe, Axel Holst da Theodor Frølich, wanda shi ma likitan yara ne, suka gano cewa ɓeran Masar na kamuwa da sikabi idan aka ciyar da shi hatsi zalla, abin da ya ba da damar yin gwaji a ɗakin bincike. A 1912 Casimir Funk, ɗan asalin Polan, ya ƙirƙiro kalmar da ta zama bitamin. A birnin New York kuma, daga 1914, Alfred Hess ya nuna cewa ko madarar da aka ɗan dumama domin kashe ƙwayoyin cuta tana iya jawo sikabi idan ba a haɗa da wani abu ba, kuma ruwan lemo ko na tumatir na hana ta. Daga nan likitocin yara suka samu mafita: a ci gaba da tsabtace madara, amma a haɗa da ruwan 'ya'yan itace.

A 1932 Albert Szent-Györgyi na ƙasar Hangari da Charles Glen King na Amurka, kowanne a nasa ɓangaren, suka tabbatar da ainihin sinadarin. Shekara guda bayan haka aka fara haɗa shi a ɗakin bincike, kuma a 1937 Szent-Györgyi da Norman Haworth na Birtaniya suka samu kyautar Nobel. An fahimci cewa jiki na buƙatar bitamin C domin ƙera kolajin, wato sinadarin da ke riƙe da jijiyoyin jini da ƙashi da fata, kamar yadda siminti ke riƙe da bulo. Idan babu shi sai ƙananan jijiyoyi su yi rauni su fashe, kuma a jikin jariri wurin da ya fi saurin girma, wato ƙarshen dogayen ƙasusuwa, shi ya fi shan wahala. Yawancin dabbobi na ƙera nasu bitamin C, amma ɗan Adam da manyan birai da ɓeran Masar dole sai sun samu daga abinci.

A 1935, lokacin da Barlow ya cika shekaru 90, mujallar likitocin yara ta Birtaniya ta sake buga bincikensa na 1883 domin girmama shi. A lokacin yaƙin duniya na biyu kuma, da shigo da 'ya'yan itace ya yi wuya, gwamnatin Birtaniya ta fara raba wa ƙananan yara ruwan 'ya'yan itace da man hantar kifi daga ƙarshen 1941, sannan ruwan lemon zaƙi daga Amurka daga 1942. Barlow ya mutu a gidansa da ke titin Wimpole a Landan ranar 12 ga watan Janairun 1945, yana da shekaru 99.

Cutar ba ta ƙare ba

A yau kamfanonin madarar jarirai na ƙara bitamin C a cikin abin da suke haɗawa, kuma cutar ta yi ƙaranci ƙwarai. Amma takan dawo duk inda mutane suka daɗe ba su ci ɗanyen abu ba. A shekarun 1980 da 1990 ta ɓarke a sansanonin 'yan gudun hijira a Somaliya da Sudan da Habasha da Kenya, inda aka dogara ga hatsi da wake da mai na agaji. An sake ganinta a Afganistan a 2002, da kuma sansanin Kakuma na Kenya a 2017 da 2018. Ko a ƙasashe masu arziki ba ta ɓace ba, domin wani bincike da aka wallafa a ƙarshen 2024 ya nuna cewa yara 888 aka kwantar a asibitocin Faransa saboda ita tsakanin 2015 da 2023. Likitoci kan same ta musamman a wurin yaran da ke ƙin cin komai sai abinci iri ɗaya ko biyu, da kuma 'ya'yan iyalan da talauci ya yi wa katutu. Kamar a zamanin Barlow, sau da yawa akan fara zargin wata cutar ƙashi ko ta jini kafin a tuna a tambayi abin da yaron ke ci.

Abin da jiki ke buƙata ba shi da yawa. Hukumar lafiya ta duniya da ta abinci sun ƙiyasta miligiram 25 zuwa 30 a rana ga jarirai da ƙananan yara, adadin da lemon zaƙi guda matsakaici ya zarta. Gwaba ta ninka lemo wajen yawan sinadarin, ana kuma samunsa a mangwaro da gwanda da tumatir da tattasai da garin 'ya'yan kuka da ɗanyen ganye, sai dai doguwar dahuwa da shanyawa na rage shi sosai. Shawarar likitoci a yau ta bambanta da ta 1883 ta wasu fuskoki, domin ba a ba jariri ɗanyen nama ko madarar da ba a tsabtace ba. Abin da ake so shi ne nonon uwa zalla har wata shida, ita uwar ta riƙa cin 'ya'yan itace da ganyaye, daga nan a fara haɗa wa yaro da su a cikin abincinsa ana ci gaba da shayarwa.

A ƙauyen Edgworth har yanzu akwai zauren taruwar jama'a da Thomas Barlow da 'yan uwansa suka gina a 1909 domin tunawa da iyayensu, kuma da sunan gidansu ake kiransa.